Yaron Da Karatu Ya Gagara

Kwanakin baya, cikin zagayen makarantu, na shiga aji uku na wata makarantar ƙauye, ba sai na faɗi sunanta ba. Malamin ajin mutum ne mai himma, allonsa tsaf, rajistarsa ba gyara. Da na sa yara karatu bi da bi, sai layi ya zo kan wani yaro ɗan kimanin shekara 9 a bencin baya. Ya miƙe, ya riƙe littafi da hannu biyu, ya kafa masa ido, gumi ya keto masa. Kalmomi huɗu kaɗai ya iya fitarwa, biyu daga cikinsu ma canka ya yi daga hoton da ke shafin. Malam ya matso kusa da ni ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka wahal da kanka, wannan daƙiƙi ne. Shekararsa biyu a ajin nan, bulala ma ta gaji da shi."

Da aka tashi tara na kira yaron gindin ɗorawa. Na tambaye shi sana'ar ubansa, ya ce awo ya ke yi a kasuwa. Na ce, "To, yaro, in mutum ya sayi mudu 7 na gero ran Laraba, mudu 8 ran Jumma'a, sa'an nan ya ranta wa maƙwabcinsa mudu 6, saura nawa?" Kafin in rufe baki ya ce 9. Na ce ya yi mini tatsuniya, ya ɗauko ta tun daga farko har ƙurunƙus, bai tsallake kome ba. Sa'an nan na ce, "Ce kaya." Ya ce kaya. Na ce, "To, cire sautin farko, ka faɗa mini abin da ya rage." Sai ya yi shiru. Na sake, na ja kalmar a hankali, shiru dai. Waɗansu yara uku 'yan ajinsa da ke leƙenmu suka yi caraf suka ce "aya", suna dariya. Shi kuwa bai ma gane abin da a ke nema ba.

Malamai 'yan'uwana, yaron da ya iya lissafin ka, ya iya riƙe tatsuniya, ba daƙiƙi ba ne. Akwai dai wani wuri guda da ya cije masa, kuma masana sun daɗe da gano wurin. Amma kafin mu kai can, sai mun fara duba yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma.

Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Girma

Ran da aka haifi jariri, nauyin ƙwaƙwalwarsa bai wuce giram 350 zuwa 400 ba, watau wajen rubu'in ta babban mutum, wadda ta kan kai giram 1,300 zuwa 1,400. Kafin ya cika shekara 6 ta kai kashi 90 cikin 100 na girman da za ta yi. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, galibinsu kuwa da su aka haife shi. Abin da ke ƙaruwa bayan haihuwa shi ne rassan da ƙwayoyin nan ke miƙa wa juna, da mahaɗan da saƙo ke bi ya tsallaka daga wata ƙwaya zuwa wata.

Wani likita a Jami'ar Shikago ta Amurka, Peter Huttenlocher, ya zauna ya ƙidaya mahaɗan nan, ya bayyana abin da ya gani cikin 1979. Ya tarar a sashen goshi na ƙwaƙwalwa, yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 ya fi babban mutum yawan mahaɗai, sa'an nan su yi ta raguwa har ya balaga. Wanda ya taɓa noma ba zai yi mamaki ba. Manomi ya kan zuba iri da yawa a rami ɗaya, in ya tsiro sai ya rage, ya bar masu ƙarfi. Haka ƙwaƙwalwa ke yi: mahaɗar da a ke aiki da ita kullum ta kan yi ƙarfi, wadda aka bari kuwa ta shuɗe, kamar hanyar rafi da aka daina bi ciyawa ta cinye ta. Ban da wannan kuma, wani irin farin kitse ya kan riƙa naɗe jijiyoyin sannu a hankali, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, don saƙo ya yi sauri. Aikin nan ba ya gamuwa lokaci ɗaya. Sassan gani da ji su ke fara nuna, sashen goshi kuwa, wanda ke riƙe da haƙuri da shiri da kame kai, shi ne na ƙarshe, ba ya kammala sai mutum ya haura shekara 20. Malamin da ke so ɗan aji ɗaya ya zauna sa'a guda cur bai motsa ba, yana neman abin da ba a gina ba tukuna.

Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai mun sha jin labarin Jean Piaget, mutumin Suwizalan, da kofunansa. Ya kan zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, sa'an nan ya juye ɗaya cikin wani dogon kofi siriri a gaban yaro. Ɗan shekara 4 ko 5 sai ya ce na dogon kofi ya fi yawa, sai wajen shekara 7 ya ke gane ruwan bai ƙaru ba. Waɗanda suka biyo bayansa sun nuna shekarun su kan sāɓa bisa ga yadda aka yi tambayar da abin da yaro ya saba gani a gida, amma asalin maganarsa na nan: hankalin yaro yana da matakai, ba a tsallake su da tsawa.

Magana Daban, Karatu Daban

Ba wanda ya taɓa kai ɗansa makaranta don ya koyi maganar gidansu. Ƙwaƙwalwa da shirinta ta ke zuwa. Cikin 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba wani majinyaci a Paris wanda ke gane abin da a ke faɗa masa amma gaɓa ɗaya tak ya ke iya furtawa. Da mutumin ya mutu aka buɗe kansa, aka tarar da lahani a gefen hagu ta gaba. Cikin 1874 kuma Carl Wernicke, Bajamushe, ya ba da labarin waɗansu majinyata da magana ke zuba daga bakinsu ba ma'ana, ba su kuma gane ta wani, lahaninsu kuwa yana gefen hagu ne ta wajen kunne. Tun daga nan aka san harshe yana da mazauninsa a cikin kai.

Aikin kuwa da wuri ya ke farawa. A Kanada, Janet Werker da Richard Tees sun gwada jariran gidajen masu Turanci, suka bayyana sakamakon cikin 1984. Sun riƙa jiyar da su waɗansu sautuka masu kama da juna na harshen Hindi da na wani harshen mutanen asali na Kanada, waɗanda babu su a Turanci. Jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 sun rarrabe su sarai, amma 'yan wata 10 zuwa 12 galibinsu sun kasa. Watau tun yaro bai yi tafiya ba kunnensa ya riga ya zaɓi sautukan gidansu, ya saki sauran. Dalili ke nan da ya sa ɗan Bahaushe ba ya rikita kafa da ƙafa, ko dauri da ɗauri, baƙo kuwa ya shekara goma a Kano yana fama.

To, karatu ba haka ya ke ba. Rubutu bai daɗe a duniya ba, shekara 5,000 ne da 'yan kai, kuma har kwanan nan 'yan kaɗan ne cikin mutane suka iya shi. Ba a haifi kowa da sashen karatu a kansa ba, aro ƙwaƙwalwa ta ke yi. Stanislas Dehaene na Faransa da abokan aikinsa, da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki, sun nuna akwai wani ɗan wuri a ƙasan gefen hagu ta baya, cikin sashen da ke gane fuskoki da siffofin abubuwa, wanda ya kan koma gane haruffa in mutum ya koyi karatu. Daga nan sai an shimfiɗa hanya tsakanin wurin nan da sassan magana, yadda ido zai ga harafi kunne na ciki ya ji sauti. Shimfiɗa hanyar nan shi ne aikin malamin aji ɗaya da na aji biyu, ko ya sani ko bai sani ba.

A nan akwai wani abu da ya ke tayar wa iyaye da hankali a banza. Sashen da aka aro ya saba ɗaukar akuya akuya ce, ko gabas ta fuskanta ko yamma. Sai ga shi an ce masa b daban, d daban, alhali siffa ɗaya ce aka juya. Mu a boko ma huɗu ne, da b da ɓ da d da ɗ. Don haka yaro ɗan shekara 6 ko 7 da ke juya haruffa ba ciwo gare shi ba, tsohuwar ɗabi'ar ido ce bai gama kwancewa ba. Kusan ko wane yaro ya kan bi ta nan ya wuce.

Babban tudun yana wani wuri dabam. Mai magana ba ya jin kalma gunduwa-gunduwa, dunƙule ya ke jin ta. Kafin haruffa su yi wa yaro ma'ana, tilas ya gane cewa kaya sautuka huɗu ne a jere, ana iya cire ɗaya, ana iya musanya wani. José Morais da abokansa sun gwada manya a ƙauyukan Fotugal cikin 1979, suka tarar waɗanda ba su taɓa koyon karatu ba galibi ba su iya cire sauti ɗaya daga kalma, tsararrakinsu da suka koyi karatu da girma kuwa suna iyawa. Ashe abin koyonsa a ke yi, kuma tare da haruffa ya ke shiga. Sabo da haka da a ce ɗan aji ɗaya na yi wa tambayar kaya da aya ya kasa, da ban ce kome ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaron nan ya shekara huɗu ana nuna masa haruffa, 'yan ajinsa sun haye, shi ko motsi.

Makantar Kalma

Irinsa ba sabon abu ba ne. Cikin 1896 wani likita a garin Seaford na Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin hankali, gwanin wasa, wanda lissafi bai dame shi ba, amma tun yana shekara 7 a ke fama da shi karatu ya ƙi, har sunansa ma ya kan rubuta da haruffa a birkice. Malaminsa ya shaida cewa da da baki kaɗai a ke koyarwa, da ba wanda zai fi shi a makarantar. Morgan ya kira abin makantar kalma ta haihuwa. Sunan da ya zauna a bakin likitoci kuwa shi ne disleksiya, wanda wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya raɗa. Da fari an ɗauka a ido matsalar ta ke. Binciken da aka yi ta yi tun daga wajen 1970 ya nuna galibi a sauti ta ke: yaro yana ji sarai, yana magana sarai, amma tsinka kalma zuwa sautukanta da ɗaura ko wane sauti a kan harafinsa shi ke yi masa nauyi. Abin yana bin jini, sau da yawa in ka bincika sai ka tarar uba ko kawu ya sha irin wannan wahala. Ba shi da dangantaka da ƙarancin hankali. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne yara 5 zuwa 10 cikin 100, watau ajin da ke da yara 60 da wuya a rasa uku a ciki.

Abin daɗin ji shi ne yana jin magani, maganin kuwa a hannun malami ya ke, ba a kantin magani ba. A Jami'ar Okusfod, Lynette Bradley da Peter Bryant sun gwada yara wajen 400 'yan shekara 4 da 5 tun ba su fara karatu ba, su na ba su kalmomi uku ko huɗu su fid da wadda sautinta ya sāɓa. Rahotonsu na 1983 ya nuna waɗanda suka fi rauni a wasan nan su ne galibi suka zo suka sha wuya a karatu bayan shekaru. Sa'an nan suka ɗebi waɗansu daga cikin masu raunin suka horar da su. Waɗanda aka koya wa rarrabe sautuka tare da haruffan roba da su ke taɓawa da hannu, su suka fi kowa ci gaba.

A nan ina ganin mu Hausawa mun yi sa'a, ba mu dai san darajarta ba. Rubutun boko kusan yadda a ke faɗa haka a ke rubutawa. Gaskiya ne ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo su ke fitowa iri ɗaya a takarda, amma wannan ƙaramin abu ne in an gwada da Turanci, inda harafi ɗaya ke da furuci iri-iri. Wani bincike da Philip Seymour da abokansa suka bayyana cikin 2003, a kan harsunan Turai 13, ya tarar yaran da rubutunsu ke bin furuci, kamar na Finlan da Italiya, galibi kafin ƙarshen shekarar farko sun iya karanta kalmomi, masu koyo da Turanci kuwa sai sun ninka wannan lokaci har da ɗori. Waɗannan fa 'ya'yan Turawa ne, da harshen da suka sha a nono. To, ina ga ɗan ƙauyenmu da a ke so ya koyi sirrin haruffa cikin harshen da bai taɓa ji a gidansu ba? An ɗora masa kaya biyu a tafiya ɗaya. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya gwada wannan a Ife tun daga 1970, inda aka koyar da waɗansu yara da Yarbanci shekara shida na firamare, Turanci yana darasi guda. Ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba, a sauran darussa kuwa galibi sun fi su. Ni dai ra'ayina, yaro ya fara kwance karatu da harshen da ya ke mafarki da shi, Turanci ya biyo baya.

Kada A Yi Gaggawar Sa Suna

Duk da haka kada malami ya karanta wannan ya koma aji ya raɗa wa ko wane mai rauni disleksiya, ya zama an canja wa daƙiƙi suna kawai. Akwai abubuwan da suka fi ta yawa, suka kuma fi ta sauƙin ganewa. A fara da kunne. Sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai zub da mugunya su kan bar yaro da ragowar ji, ba kurma ba, ba kuma mai ji sosai ba, irin wanda a ke ce wa mai taurin kai. Ka tsaya bayansa taku biyar ka kira kalmomi a hankali ya maimaita, ka toshe kunne ɗaya ka gwada ɗaya. Sa'an nan ido: yana iya karanta allo daga inda ya ke zaune? Sa'an nan rajista, gama yaron da damina ta ɗauke shi gona, rani ya ɗauke shi talla, ba ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza ba, darasin ne bai same shi ba.

Sai ciki. Ƙwaƙwalwa mai girma mayunwaciya ce. Rashin sinadarin aidin, wanda ke kawo maƙoƙo, yana dakushe hankalin yaro tun yana cikin uwarsa, shi ya sa a ke sa shi a gishiri. Ƙarancin jini, ko daga tsutsar ciki ko daga zazzaɓin sauro, ya kan sa yaro kasala da rashin natsuwa. Gubar dalma kuwa mun ga aikinta a Zamfara cikin 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu sabo da niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje, dalma kuma ko ba ta kashe ba ta kan bar tabo a ƙwaƙwalwa.

A nan ne akawuna da sauran ma'aikata, waɗanda ba su riƙe alli amma su na da 'ya'ya a gida, ya kamata su kasa kunne. A birnin Kingston na Jamaika, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 'yan ƙasa da shekara 2 waɗanda rashin abinci ya tsumburar, cikin 1986 da 1987. Waɗansunsu an riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya mako-mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta gaya masa sunayen abubuwa, da kayan wasan da aka ƙera a gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka tarar abin da su ke samu a wurin aiki ya ɗara na waɗanda ba a yi wa haka ba da wajen kashi 25 cikin 100. Hira ce fa kawai da wasa. Tatsuniyar kaka da dare, da kacici-kacici, da zaurancen da yara ke yi su na cusa gaɓa cikin kalma don kada manya su gane, duk horon kunne ne, ba kuwa a biyan ko kwabo.

Ana cewa icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, gaskiya ne, amma kada a ɗauka ƙofa ta kan rufe. Dehaene da abokansa sun duba manya a Barazil da Fotugal cikin 2010, suka tarar waɗanda suka koyi karatu da girma su ma wurin nan na gane haruffa ya farka a kansu. Dattawan da suka shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurarsu suka fito su na karanta wasiƙa shaida ne. Jinkiri dai ya kan ƙara tsawon aikin, ya kuma ba yaro lokacin da zai yarda cewa shi daƙiƙi ne. Bulala kuwa ba ta shimfiɗa hanya tsakanin harafi da sauti. Abin da ta ke koya wa yaro shi ne tsoron littafi, mai tsoro kuwa hankalinsa yana kan hannun malam, ba kan shafi ba.

Kafin in bar makarantar nan na zauna da malamin a ofishin hedimasta. Mun gwada kunnen yaron da idonsa, lafiya lau. Na roƙe shi ya dawo da shi bencin gaba, ya daina tsai da shi karatu a gaban aji, ya ba shi minti 15 kullum shi da waɗansu biyu masu irin rauninsa. A fara da baki, ba littafi: su tafa hannu a kan ko wace gaɓa, su kawo kalmomin da suka fara da sauti ɗaya, kamar rana da rago da rami. Sa'an nan harafi ɗaya ɗaya, yaro ya zana shi da yatsa a kan rairayi yana furta sautinsa, kada a ƙara sabo sai na jiya ya zauna. Daga nan a haɗa baƙi da wasali, ba, bi, bu, kamar dai yadda makarantar allo ke bi daga babbaƙu zuwa farfaru. Tarihi da labarin ƙasa kuwa a riƙa tambayarsa da baki, don a san abin da ya sani.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, yara 64 gare ni, ina zan sami minti 15?" Tambaya ce mai nauyi, ban kuwa raina ta ba. Muka duba jadawalinsa tare, muka yanke a ɗebe su daga lokacin kwafar rubutu daga allo, sa'ad da sauran yara ke duƙufa a kan littattafansu. Da na sake biyowa bayan zango biyu, yaron ya karanta mini layi shida na littafin aji ɗaya. A hankali ya ke tafiya, yatsansa a ƙarƙashin ko wace gaɓa, ya yi tuntuɓe sau uku, biyu ya gyara da kansa. Hoton shafin kuwa malam ya rufe shi da tafin hannu tun kafin a fara.